Guringuntsin bayana ya zame, in je wajen masu ƙas-ƙas ɗin baya?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, keken ƙafa nake takawa tun ina saurayi. Ana gab da azumi na sunkuya zan ɗaga dilar shadda, sai na ji wani abu ya soke ni a ƙugu. Daga baya ciwon ya gangaro ta ɗuwawun hagu, ya bi gefen cinya da ƙwauri har babban yatsa. In tari ko atishawa ya zo sai na dafa bango. Ruku'u ya gagara, a kujera nake salla. An yi min hoton MRI, likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin L4 da L5 (ƙasusuwan baya biyu na wajen ƙugu) ne ya ɓullo yana danne jijiya. Ya rubuta magani, ya tura ni gashi, ya ce maganar aiki ba yanzu ba.

To, ɗan ƙanwata ya nuna min bidiyon masu kairofraktik a TikTok: a kwantar da mutum a murɗe shi, ka ji ƙas, ya miƙe yana murmushi. Ya ce akwai mai yi a Abuja. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga kayan sallar mutane jibge a shago. Don Allah da gaske wannan murɗar na mayar da guringuntsi mazauninsa?

Mai aikin gashi:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. A'a, ba ta mayar da shi. Cikin guringuntsin nan abu ne mai laushi, in bayansa ya tsage ya fito, kamar makilin ne da aka matso, dannawa ba ta komar da shi. Ƙarar da kake ji kuwa iska ce a ruwan gaɓa, irin ta lanƙwasa yatsu.

Amma kar gabanka ya faɗi. Yawancin masu irin lalurarka suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ta taɓa su ba, domin kumburin jijiyar na saɓewa, sau da yawa ma jiki da kansa yake shanye abin da ya fito. Shi ya sa duk wanda ya taɓa bayan a tsakanin nan, shi ake yi wa godiya.

Ban ce sana'ar banza ba ce. Tun 1895 D.D. Palmer ya fara ta a Amurka, kuma wasu masu ciwon ƙugu na jin daɗinta na ɗan lokaci. In ka dage sai ka je, ka fara sanar da likitanka, ka tafi da hotonka, ka nemi ganin rajistar mai murɗar ta hukumar MRTB, mai kula da masu aikin gashi da makamantansu. Wanda zai murɗe ka bai duba hoto ba, bai gwada ƙarfin ƙafarka ba, ɗauki hularka ka fita. Wuya kuma kar ka yarda a taɓa, ba can ciwonka yake ba.

Direban Kano–Legas:
Yallaɓai ni na je. Gaskiya ranar na ji jikina sakayau, har na yi barci. Da na koma kan sitiyari, kafin Lokoja ƙafar ta dawo da halinta. Abin da ya tashe ni tafiyar ƙasa ce bayan asuba, da motsa jikin da aka koya min wajen gashi, da cire walat daga aljihun baya.

Uwargida Nas:
Ƙanina, ka riƙe waɗannan da kyau. In fitsari ya ƙi fita ko yana zubo maka ba ka sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko ka ji tsakanin cinyoyi da mazaunai sun mutu ba ka jin ruwan tsarki, ko tafin ƙafar ya fara ja da ƙasa silifas na faɗuwa, ko tsakar dare ne a kai ka asibiti. Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano duk suna kusa da kai. Jijiyoyin ƙasan laka ne suka matse, jinkiri na iya barin mutum da lalurar har abada. Kuma don Allah kar a sa yaro ya tattaka maka baya, kar a kai ka wajen mai ɗori, ba karaya ba ce. Diclofenac kuma ban da shan sa da cikin wofi, balle ga azumi, yana taso da olsa.

Telan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Yaya. Alhamdu lillahi fitsari lafiya lau, ƙafar ma da ƙarfinta. Na fasa Abujar, zan ci gaba da gashin. Malam mai gashi, keken fa? In jingine shi gaba ɗaya?

Mai aikin gashi:
Dogon zama a duƙe ne ke ƙara matse wajen. Ka bar wa yaranka takawa, kai ka riƙe yanka a tsaye kan tebur mai tsayi. In dole ka zauna, ka naɗe tawul ka tokare ƙugu, duk rabin awa ka tashi ka ɗan zaga. Kwanciya wuni guda ma ba ta da amfani. Ɗaga dila kuwa sai likita ya sake duba ka.