Sa wa Corolla turbo a gida: za ta jure zafin Sakkwato?

Bello_Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Ina biɗar shawarar waɗanda sunka san harkar inji. Motar Corolla ce ta 2006, 'yar Kwatano, inji 1ZZ-FE mai lita 1.8, giyar hannu. Ita ce ta zuwa aiki da kai yara makaranta, wani lokaci a yi Birnin Kebbi ko Gusau da ita. So nike in sa mata turbo (na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska) da kaina, kayan aiki akwai, mai walda ma akwai kusa. Ba don tsere ba, ƙarfin wuce tirela a hanya kawai nika nema. Wane turbo ya dace da ita? Mi da mi za a canza bayan shi? Kuma injin zai ɗauki wanga zafi namu?

Injiniya_Arkilla:

Wa alaikumus salam Malam Bello. Kafin ka sayi ko noti ɗaya, auna matsin silinda huɗun da inji a ɗumi. Kada ɗaya ta gaza 145 psi, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce 15 psi. Sannan ka lura da shan baƙin mai, don ciwon 1ZZ ke nan: ramukan da mai ke komawa ta bayan ringi suna toshewa. Injin da ake ƙara wa baƙin mai kowane mako, ringi yake buƙata tukuna.

In ya ci wannan jarabawa, ga iyakarka. Matsin da fistin 1ZZ ke yi wa iska cikin silinda 10 ne da 1, ya yi yawa ga injin turbo, kuma ba a ƙera fistin da kwanrod ɗinsa don wannan aiki ba. Matsin iskar turbo ya tsaya a bar 0.4, wato kusan psi 6. Daga doki 130 za ka kai wajen 170 zuwa 180, ya ishe ka wuce tirela tsakanin Dange da Tureta. Wanda ya ce maka ka kai bar ɗaya, ka tambaye shi ko shi zai sayi sabon inji.

Turbo ƙarami za ka nema, mai tashi da wuri. Garrett GT2554R ya dace in aljihu zai ɗauka. In na hannu ne, TD04L na Subaru WRX ya isa, a cigita a Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Kama sandar tsakiyarsa da yatsa biyu ka jijjiga: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana gaba da baya, ko fikafikan sun taɓa bango, ajiye musu kayansu. Ka gwada ƙofar da ke zubar da rarar hayaƙi da famfon keke da geji, ka ga a nawa sandarta ke fara motsi, don wannan lamba ita ce mafi ƙarancin matsin da za ka samu.

Hanyar baƙin mai ce ke kashe yawancin turbo na gida. Ka ɗauko mai daga wajen firikwensin matsin mai da tiyo mai saƙar ƙarfe, girman 4AN. Zaren ramin Toyota BSPT ne, na yawancin kayan kasuwa NPT, a ido iri ɗaya ne, in ka tilasta shi sai ka tsaga bulok ɗin alminiyam. Garrett mai boris yana son matsatsin rami na milimita 1 a bakin shigar mai, TD04L galibi ba ya buƙata. Komawar man kuwa ba famfo ke tura shi ba, nauyinsa ke gangaro da shi. Saboda haka tiyo mai faɗi, 10AN, kusan milimita 16, ya sauko ba kwanciya ba lanƙwasa, ya shiga kwanon mai na ƙasa sama da inda mai ke tsayawa. In ya shiga ƙarƙashin mai, man zai taru a cikin turbo ya ɓulla ta salansa, ka ga shuɗin hayaƙi ka zaci turbon ne ya mutu. Ka kwance kwanon kafin a huda shi a yi walda, kada garin ƙarfe ya bi mai ya ci metal.

Bakin salansa a yi shi da guiwoyin ƙarfe masu kaurin milimita 3, faifan da ke manne da inji milimita 12, a daidaita fuskarsa bayan walda don zafi na murɗa shi. A yi wa turbon ƙarfen tallafi, in ba haka ba ramukan hanya za su tsaga waldar. Bututun fita inci 2.5, da gaɓa mai lanƙwasuwa.

Nasiru_Rewaya:

Injiniya ya gama da ƙarfe, saura fetur da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar motar, kuma a nan ake ƙona fistin.

Lissafin nozul, masu fesa fetur cikin inji, ba wuya. Doki 180 a inji mai turbo na neman nozul mai fesa wajen cc 355 a minti kowanne, in ba ka son su wuce kashi 80 cikin ɗari na aikinsu. Amma Corolla ɗin nan ba ta da bututun mayar da fetur tanki, matsin fetur tsaye yake wuri guda. Iska na ƙaruwa a cikin manifol, abin da nozul ke iya fesawa yana raguwa. Don haka ka ɗauki na cc 440, masu soket iri ɗaya da na asali, ka sa famfo Walbro 255 a cikin tanki. Jabunsa ya cika kasuwa, a kula.

Da ka sa manyan nozul, ƙwaƙwalwar motar ba ta san an canza ba, za ta riƙa buɗe su kamar na da, mota ta yi ta baƙin hayaƙi. Dole a sami mai gyara lissafin. Ko dai a goya mata ƙaramar na'ura irin GReddy e-Manage Ultimate ko AEM FIC, ko a kawo mai zaman kanta irin MegaSquirt ko Speeduino ta riƙe fetur da wuta, a bar ta asali tana kula da AC da dashbod. Ga motar yau da kullum na fi son goyon, wayoyin da za a yanka ba su da yawa. Matsalarsa ɗaya, ƙwaƙwalwar asali tana karanta firikwensin salansa tana ƙoƙarin goge gyaran da ka yi, sai an bi wannan a saiti. Duk wayar da ka yanka ka yi mata dalma da rigar zafi, ban da murɗawa da salatif.

Kada ka taka mota da ƙarfi ko sau ɗaya ba tare da gejin cakuɗin iska da fetur ba, mai firikwensin Bosch LSU 4.9. A ɗaura shi kamar santimita 45 bayan turbo, gefen wayarsa na kallon sama kaɗan don kada ruwa ya kwanta masa. A tafiyar yau da kullum ka ga 14.7, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Da turbo ya fara turi, lambar ta sauko 11.5 zuwa 11.8. In ka ga 13 ƙafarka na ƙasa, ɗaga ta nan take.

Sai wuta, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi. A ja ta baya kamar digiri 1 ga kowane psi a matsayin mafari. Fulogi NGK BKR7E, a rage bakinsa daga milimita 1.1 zuwa 0.7, don iska mai matsi tana hure tartsatsi. Abin da ake gudu shi ne fetur ya fashe da kansa kafin wuta ta iso shi. Ba nokin ɗin da bakanike ke nufi ba in metal ya tafi. Wannan ƙara ce siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara, kuma daƙiƙu kaɗan sun isa ta karya gefen fistin. Fetur ɗinmu RON 91 ne a ƙa'ida (RON ma'aunin juriyarsa ne ga wannan fashewa), ba shi da rarar da zai yafe maka kuskure. Na 'yan bumburutu kuwa ka yi ban kwana da shi.

Oga_Sani_Gidan_Igwai:

Duk abin da sunka faɗi haka yake, amma ku riƙa tuna inda muke. A watan Afrilu iskar da ke shiga inji ta haura digiri 40. Turbo ya matse ta zuwa bar 0.5, ta fito kusan digiri 100. Saitin da anka yi da sanyin Janairu yana iya kashe inji a Afrilu, don haka a yi saiti da rana tsaka cikin bazara, AC na aiki.

Intakula, mai sanyaya iskar da turbo ya matse, dole ce, a gaban lagireto, bututu inci 2 zuwa 2.25, a yi wa bakin kowane ɗan tudu don kada tiyo ya fizge. Sai dai ita ma tana tare wa lagireto iska. Ka sa lagireto mai kauri, ka toshe gefuna da soso don iska ta bi ta ciki, kuma kada intakular ta sauko ƙasa da bamba, tudun kan titi zai gaisa da ita. In an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye yadda anka saba, a mai da shi, mai buɗewa a digiri 82. Ruwan sanyaya inji na gaske, ban da na rijiya, kanwarsa na toshe lagireto.

Salansar 1ZZ a baya take, wajen bangon da ya raba inji da direba. Nan turbon zai zauna, kusa da bututun birki da wayoyi. A naɗe bututun fita, a sa garkuwar alminiyam da ɗan sarari tsakani.

Ga kuma ƙurar hunturu. Filtar nan mai kamar mazurari da samari ka so, a buɗe cikin bonet, zafi taka zuƙa, kuma ƙura na bi ta cinye gefen fikafikai awa an goga musu samfefa. Filtar takarda cikin akwati rufaffe, bakinsa waje. Baƙin mai na sintetik, a juye kowane kilomita 4,000 zuwa 5,000. Kulocin asali ma zai fara zamewa a giya ta huɗu, ka sa shi cikin lissafi.

Ni dai ra'ayina, Malam Bello, in mota ɗaya gare ka, tara kuɗin duk wanga kaya ka gwada da farashin Passat B5 ko Golf 4 mai inji 1.8T. Doki 150 daga kamfani, da turbo K03, komai an auna shi tun can.

Bello_Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Oga Sani na ji, zan yi lissafin. Tambaya biyu: in na ɗaura turbon, zan iya lallaɓawa da ita kafin na'urar saiti ta iso? Kuma bawul ɗin nan mai yin "fishh" in an canza giya, ana iya sa shi?

Nasiru_Rewaya:

Lallaɓawa ba ta yiwuwa da ƙaramin turbo, ɗan hawa kaɗan ya fara turi. In tilas ne, bar nozul na asali, ka zare sandar ƙofar hayaƙin ka ɗaure ta a buɗe da waya har kayan su iso.

Mai "fishh" kuwa a'a. Motarka na auna iska da firikwensin MAF a gaban turbo. Iskar da aka riga aka auna aka ba ta fetur, in ka zubar da ita waje, fetur ya yi yawa, mota ta riƙa mutuwa a shataletale. Sa mai mayar da iskar cikin bututu, tsakanin MAF da bakin turbo. Bututun da MAF ke zaune ya zama faɗinsa ɗaya da na asali. Ka sa bawul mai hanya ɗaya a tiyon PCV, mai kwashe tururin cikin inji zuwa manifol, don kada matsi ya koma cikin inji ya turo mai ta sil.

Ranar tayarwa ta farko, zuba ɗan baƙin mai a bakin shigar turbo, juya fikafikan da yatsa. Zare fis ɗin EFI, na tsarin fesa fetur, don kada inji ya tashi, ka yi ta ba ta sitata daƙiƙa 10 kana hutawa, har ka ga mai na fita ta tiyon komawa cikin gora. Sannan ka mayar da tiyon da fis, ka tayar, ta yi minti 15 a tsaye kana duba yoyo da tocila. Kafin ka hau titi, toshe bakin turbo ka hura psi 10 a bututun, ka bi gaɓoɓin da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, ƙara ɗaure shi.