Musayar Waƙa: Wa Ke Biya, Wa Ke Ci?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi abin nan ke cina. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "ji". Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Ilahi nake fara zance,
Abin da ya dame mu yau shi haraji.

A ran rantsuwa aka janye tallafin mai,
Talaka ya sha, har yau yana jin yaji.

Ka sai ɗan kati, akwai nasu kaso,
Ka tura dubu 10, akwai nasu caji.

Ka kai akuyarka kara ran kasuwa,
Rasit na jiranka, har mai kaji.

Manomi a Batsari kafin ya girbe,
Sai ya biya masu bindigar daji.

Biya biyu ke nan a kan gona ɗaya,
Ina wanda zai tsaya mana, Alhaji?

Alhaji Mai Tsintsiya:
Wa alaikumus salam. Tunda ka kira Alhaji, ga Alhaji. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki Janairun 2026, ta ce wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba, babu harajin samu a kansa. Ka karanta kafin ka rera.

Yaro, tsaya ka ji zancen manya,
Kuka daban ne da faɗin gaskiya.

Doka ta ce mai ƙaramin samu,
Ba mai taɓa masa 'yar dukiya.

Hatsi da magani da littafin yara,
An ɗauke musu VAT gaba ɗaya.

Kai da ba ka taɓa cike takarda ba,
Kai ne da kururuwa bakin hanya.

Shekara 16 kuna ƙarƙashin lema,
Sannan ba ka rera ba, ba ka jin kunya?

'Yar Kusugu:
Kawu, ni ba 'yar lema ba ce, ba 'yar kowa ba. Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, Mayun 2022 EFCC ta kama Akanta Janar Ahmed Idris. Duka a mulkinku ne.

Kawu, na gaishe ka da girmamawa,
Amma batunka da sauran dubawa,
Ba biyan ne ke sa mu kokawa ba,
Inda kuɗin ke zuwa muke tambaya a Daura.

Ministar jinƙai aka dakatar,
Kan zargin miliyan 585 an karkatar,
Sakamakon bincike wa ya bayyanar?
Kawu, in ka gani, karanto mu saurara.

Akanta Janar mai makullin taska,
Biliyan 109 ake tuhuma a harka,
Mu tiyar gero ta fi ƙarfin ɗauka,
Tsintsiyar taku ina ta yi shara?

Direban Jibiya:
Allahu Akbar! Hajiya kin gama magana, Allah ya ƙara basira. Wallahi 2027 sai mun rama da ƙuri'a.

Sai Dikko:
Yabon nan na siyasa ne. Da Alhaji ne ya kawo baiti mai kyau haka da duk kun yi gum. Wa ya dakatar da ministar in ba shugaban da APC ta kafa ba? Akantan kuma ba zamanin Baba Buhari, Allah ya jiƙansa, aka kama shi ba?

Direba, riƙe sitiyarinka da kyau,
Siyasa ba lodin tasha ba ce a yau,
Mu muka kama namu da kanmu,
Ku naku ko tambaya ba ku yi musu.

Malam Na Gobarau:
Ku dakata, kafin a kai ga ƙuri'a a gyara waƙar. Ɗana na Marusa, ka buɗe da karin waƙa na Mutaƙarab mai kyau, ɗangon farko gaɓa 12 cif. Sai ka zo baiti na biyu ka cusa 13, "tallafin mai" ta karya ƙafar ƙarshe. 'Yata ta Daura, dakatar da karkatar da bayyanar duk fi'ili ne masu ƙarshe ɗaya, amsa-amon arha ke nan, ga ɗangonki na uku a baitin farko ya zame zuwa "ba". Sai Dikko kuwa bai ma nemi babban amsa-amo ba.

Waƙa awo ce, ɗana, ba ta son gaggawa,
Baitin da ya karye ba ya isar da saƙo ga kowa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah gafarta Malam, ka duba,
Tiya muke ƙirgawa, ba gaɓa ba.

Dubu 70 ne albashi mafi ƙanƙanta,
Ta ƙare tun wata bai raba ba.

Hukuma ta ƙirga miliyan 133 a talauci,
Tun 2022, ba ni na ƙirƙira ba.

'Yan majalisa sun hau manyan motoci,
Ba su jira kari ya daidaita ba.

'Yar Kusugu:
Allah gafarta Malam, makaɗan fada da na noma ba su san Mutaƙarab ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa waƙarsu ta karye. Kunne ne alƙali.

Malam Na Gobarau:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Makaɗi kalangu ko kotso ke riƙe masa kari. Ke mi ke riƙe maki?

Sai Dikko:
Malam ya faɗi gaskiya, 'yan adawa ba su iya waƙa ba.

Malam Na Gobarau:
Kai ne na fi yi wa gyara. Kada ka sa ni cikin jam'iyya.

Direban Jibiya:
Ni ban san aruli ba, wato ilimin awon waƙa, ga nawa a yadda ya zo.

Daga Katsina in kama hanyar Jibiya,
Shinge bayan shinge, kowane da biya,
Na ƙungiya daban, na tasha daban,
In dawo gida da kuɗin mai kaɗai da gajiya.

Baba Ɗan Sawaba:
Ku yi haƙuri da jinkiri, sai da jikana ya dawo ya rubuta mani. Ku yara ba ku ga haraji ba. Lokacin Katsina da Daura suna cikin jihar Kaduna, kafin a yanke mu a 1987, Balarabe Musa na PRP ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, Rimi ma ya yi haka a Kano. Abin da Malam Aminu Kano ya kwashe shekaru yana kira ke nan. A 1981 majalisa ta tsige Balarabe.

Mun ga zamanin haraji da jangali,
Dogari a ƙofa, mai gida a fili,
A shanya shi rana don ba shi da hali,
Mu muka ce Sawaba, muka sha ɗauri.

Ummaru ɗan Musa ya hau da hankali,
Ya bayyana kadararsa a fili,
Wanda zai karɓi naka, wannan ne asali,
Ya nuna nasa tukuna ga mutan gari.

Yau mai bindiga ke karɓar jangali,
A Faskari da Safana ba alƙali,
Alhaji, ɗana, ba ni dalili,
Mi aka saya mana da kuɗin in ba tsaro a gari?

Malam Na Gobarau:
Baba ya maimaita "fili" da "jangali" da "gari". Amma Baba ne, na yi shiru.

Alhaji Mai Tsintsiya:
Baba, ranka ya daɗe, ba na musu da kai. Allah ya jiƙan Ummaru 'Yar'aduwa, namu ne duka. Amma a bar ni in tuna wa yaran nan.

Ummaru ɗaya ne, lema tana da yawa,
Bayansa mun ga abin da ake rabawa.

Dala biliyan 2.1 na sayen makamai,
Zargin Dasuki, ko kun fara mantawa?

Da an sai bindigar tun wancan loto,
Da Batsari ba ta kai ga durƙusawa.

Gyara da zafi, ɗinki da ciwo,
Ku ba shi lokaci, yana warkewa.

Direban Jibiya:
Lokaci tun 2015 ake ba ku, Alhaji.

Sai Dikko:
Malam, a auna mana baitocin Alhaji, a faɗi gaskiya ko sun fi na 'Yar Kusugu zama.

'Yar Kusugu:
A auna daga baya. Kawu ya tsallake tambayata da ta Baba ya tafi 2015.

Na tambayi naka, ka kawo na lema,
Laifin wani ba ya wanke tuhuma,
Yaran zanga-zanga a kotu sun suma,
A Abuja, Nuwamban 2024, muna kallo a Daura.

Su an gaggauta kai su gaban hukuma,
Mai biliyoyi lauyoyi zai nema,
Kawu, ka amsa, kada ka yi noma,
Da amsa-amona na "ra", ina saurara.