Neman shawara: ƙungiyoyi uku ne muke son kama wa iyalai biyu haya, ta ina za mu fara?

Sakatariyar ƙungiyar mata, Dorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta matan unguwa ce a nan Kano, aikinmu bai wuce rabon abinci da azumi da ɗinkin sallar marayu ba. Bana sai ga wani nauyi da ya fi wannan. Iyalai biyu ne. Ɗaya bazawara ce mai yara biyar, ruwan watan Agusta ya rushe ɗakin ƙasar da suke ciki, yanzu a zauren wani bawan Allah suke kwana. Ɗayan magidanci ne da ya daɗe yana gadin wani kango da matarsa da yara uku, mai kangon ya tashi ƙarasa gininsa, ya ce su nemi wuri. Kwamitin masallacinmu ya ce zai kawo kuɗin haya, ƙungiyar samari za ta nemo ɗaki ta kwashe kaya, mu kuma kayan ɗaki. Da baki kawai muka yi maganar. Waɗanda suka taɓa irin wannan, don Allah me ya kamata mu kiyaye?

Dillalin gidaje, Kurna:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da lada. Kada samarin nan su je wa mai gida da cewa ƙungiya ce za ta biya. Da ya ji haka, ko ya ƙara kuɗi, ko ya fara lissafin wa zai kama baɗi idan ƙungiya ta janye. Bazawara mai yara biyar kuwa masu gida da yawa ba sa so, ba sai na ɓoye miki ba. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne mai tsaya mata wanda aka san fuskarsa, liman ko mai unguwa.

Kafin a ba da ko sisi, a shiga ɗakin da rana a ɗaga kai a dubi silin, tabon ruwa ba ya ɓuya. A dubi gindin bango ko yana jiƙa. A tambayi mutum nawa ke amfani da banɗaki, a kuma tambayi ko akwai tsohon bashin wutar KEDCO a kan gidan, don a gidan haya raba shi ake yi har da sabon shiga. La'adarmu galibi kashi 10 cikin 100 ce, ku saka ta a lissafi tun yanzu. Wasunmu kan yafe idan suka ga marayu ne, amma kada ku dogara da hakan.

Maman 'Yan Biyu:
Anti, ni maganata ɗaya: haya ta biyu. Shekara kamar gobe ce. Mun taɓa kama wa wata ɗaki, muka cika shi da gado da kujeru har da labule mai tsada, kowa ya ɗauki hoto ya watse. Da wa'adi ya cika katifar ta fara sayarwa. Ku rage kuɗin kaya ku ba ta jari, ko na awara ne ko ƙosai, sannan ku saka ta adashin da kwasarta za ta faɗo wata guda kafin haya ta ƙare. Kuma kada a ruɗe ku da arahar bayan gari. In wankau take yi a gidajen Dorayi kuka kai ta can ƙarshen Rimin Kebe, kuɗin adaidaita sahu zai cinye abin da kuka rage, ga yara sun bar makarantarsu da Islamiyyarsu.

Wani lauya a cikinmu:
Malama, maganar baki tsakanin ƙungiyoyi uku ita ce ta fi damuna. Ku rubuta takarda shafi ɗaya: wa zai kawo me, zuwa yaushe, wa zai riƙa leƙa iyalan bayan sun tare, kuma me za a yi idan ɓangare ɗaya ya gaza. Shugabanni uku su sa hannu, mai unguwa ya yi shaida.

Rasidin haya da yarjejeniyar zama su fito da sunan mai zama a ɗakin, ƙungiya ta riƙe kwafi. In da sunan shugaban ƙungiya aka rubuta, ranar da aka sami saɓani ko aka canza shugabanci, matar nan ba ta da abin nunawa a gaban kowa. Sannan kada kuɗin ya zauna a asusun mutum ɗaya. In kuna da niyyar ci gaba da irin wannan aiki, ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, domin da ita banki zai buɗe muku asusu da sunan ƙungiya, kuma za a nemi takardar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Amma wannan ba zai hana ku taimakon waɗannan biyun a makon nan ba.

Baba Malam, ɗan kwamitin wani masallaci a Sheka:
'Yata, ki tambayi kwamitin ko kuɗin na zakka ne ko sadaka. Zakka tana da rukunin mutane takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma haƙƙin matalaucin ce. In ita ce, ku sanar da su ku nemi yardarsu kafin a miƙa wa mai gida, kada kuma a taɓa ta don hidimar ƙungiya. Ku kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha ta hannun mai unguwa da dagaci. Ita wadda ruwa ya yi wa ɓarna a kai sunanta hukumar agajin gaggawa, SEMA. Ban ce lallai a samu ba, amma rubuta takarda ba ya cin kuɗi.

Uwargida daga Gwale:
Kayan ɗaki kuwa ba sai an yi kamar na amarya ba. Ledar ƙasa, tabarma biyu, katifa, gidan sauro, kurfoti da buhun gawayi, tukwane biyu, bokiti da baho, jarkoki saboda 'yan garuwa, fitila mai sola, sai kwaɗo mai kyau. Hunturu na tafe, ku je Ƙofar Wambai ku ɗauko barguna da rigunan sanyin yara na gwanjo, robobi ma duk a can za ku samu. Yadin labule a Kantin Kwari. In kuna son benci ko ɗan kanta, kafinta ya sayo katako a Na'ibawa ya haɗa, ya fi sayen na kanti sauƙi. Kayan da mutane za su kawo sadaka kuma a tace, wasu tarkacen da suka rasa inda za su zubar suke turowa. Tsohuwar katifa a shanya ta a rana a duba ɗinkinta saboda kuɗin cizo.

Abu na biyu, ku mata kun san shi: a al'adarmu kayan ɗaki na mace ne. Gidan mai gadin nan, ku faɗa a gaban shaidu cewa matar aka ba wa. Ba fata muke ba, amma in aure ya sami matsala kada a ce na miji ne don shi aka taimaka wa.

Ɗan ƙungiyar samari, Hotoro:
Roƙona ɗaya, ban da ɗaukar su bidiyo ana sa wa a Facebook da TikTok. Yaran nan makaranta za su je washegari. In masu ba da kuɗi na son shaida, hoton rasidi da na ɗakin ya isa.

Sakatariyar ƙungiyar mata, Dorayi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shugaban kwamitin, ya ce rabin kuɗin zakka ne, don haka gobe bayan la'asar za mu je mu ji ta bakin matar da mai gadin. Mun soke gado da kujeru, kuɗin ya koma jari. Barista, don Allah ka turo mini samfurin takardar ta akwatin sirri, da Hausa in zai yiwu, saboda mai unguwarmu ya karanta da kansa. Malam dillali, ciki ɗaya babba muke nema tsakanin Dorayi da Ja'en, gidan da yake da rijiya. In ka san wani abokin sana'arka a wannan yankin ka haɗa mu.