Kujerar sakatare ko makarantar Garwa?

Ɗan Gandu, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Yau kwana uku barci ya ƙaurace mini, shi ya sa na kawo muku maganar. Ni ma'aikacin gandun daji ne, a Kollo na yi karatu. Shekarata shida a bakin aiki, huɗu daga ciki a Kure wajen raƙuman dawa, yanzu an dawo da ni biro a Yamai.

Muna da wata ƴar ƙungiya ta masu aikin namun daji, kowa na zuba jaka biyu a wata. Wata mai kamawa za a sabunta shugabanni, samari kuma sun tasa ni gaba wai in tsaya takarar sakatare. Matsalar, wanda ke kan kujerar tsohon maigidana ne. Shi ya koya mini ƙirgar raƙuma, yadda ake ɗaukar hoton kowane ɗaya ta dama da ta hagu a gane shi da zanen jikinsa. Ranar sunan ɗiyata shi ya kawo rago. Amma tsakani da Allah ƙungiya ta yi sanyi, shekara biyu ba a karanta mana lissafin kuɗi ba.

Ana cikin haka sai ga labari sunana ya fito cikin waɗanda za a tura makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru, shekara biyu. In na tafi, samari za su ce na watsa musu ƙasa a ido. In na tsaya, na rasa karatu kuma na ɓata da dattijo. Ku ba ni shawara.

Baba Mai Ritaya, Tawa:
Wa alaikumus salam. Yaro, mi kake jira? Ɗaure kayanka ka tahi. Kujera tana nan, ba ta da ƙafar gudu, amma suna ba kullum yake hitowa ba.

Makarantar nan tun 1970 take horas da ma'aikatan ƙasashe masu Faransanci. Ba takardar kaɗai za ka samo ba, mutane za ka samo. Dubi gandun W: mu da Benin da Burkina muke raba shi, giwa kuma ba ta san iyaka ba. Ranar da mafarauta suka tsallaka, wanda kuka ci tuwo kwano ɗaya da shi a Garwa shi ne zai ɗauki wayarka tsakar dare, ba wanda ka aika wa wasiƙa mai hatimi ba. Ni na ga haka da idona lokacin da nake Tapowa, a gandun W ɓangarenmu.

Kuma in gaya maka abin da samarin naka ba za su gaya maka ba. Shekara shida ba ta kai ka zauna gaban manya ka yi gardama kan kasafin kuɗi ba. Za su saurare ka, su yi murmushi, su ce "madalla", shi ke nan.

Ɗiyar Tabalak:
Baba, a gafarce ni, ban ƙi maganarku duka ba, amma in kowa ya ce sai ya yi furfura, wa zai gyara? Ku tuna watan Agusta na 2020, da aka kashe mutum takwas a Kure, ciki har da shugaban masu yi wa baƙi jagora. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora suka koma ba ko dala. Irin lokacin ne ake neman ƙungiya mai baki, ba mai taron shan shayi ba.

Ɗan Gandu, tambayata ɗaya: kai kake son aikin, ko daɗin kiran sunanka kake ji? Sakatare ba sarauta ba ce, wahala ce. Kai ne mai rubuta rahoton taro, kai ne mai bin mutane bashin jaka biyu har su fara kauce maka a masallaci, kai ne mai tara rasit, don masu ba da tallafi ba sa sakin ko tamma sai sun ga takardu tsaf. Ni ina riƙe da ajiyar wata ƙungiyar mata masu sana'ar kifi a nan, na san abin da nake faɗi. In ka tafi Garwa da kujerar a aljihu, ka zama irin wanda kake kuka da shi.

Kuma wai duk cikinku babu mace ko ɗaya da ta iya riƙe alƙalami? Kullum in an zo zaɓe sai a ba mu "mai kula da harkokin mata" a sallame mu.

Na Gadabeji:
Ka tafi karatu, abokina. A 2018 da aka kawo mana raƙuman dawa takwas daga wajenku Kure zuwa gandun Gadabeji, waɗanda aka sa gaba a aikin masu ilimin kamu da kula da lafiyar dabba ne. Ba wanda aka tambaya muƙaminsa a ƙungiya.

Malam Na Harobanda:
Ni abin da ya dame ni dattijon ne. Ko ka tsaya ko ka tafi, kada ya ji maganar nan a WhatsApp. Ka je gidansa bayan magariba, kai kaɗai, ka zauna ƙasa ka ce, "Baba, ga abin da yara suka zo mini da shi, ga kuma Garwa, me kuka gani?" Mutanen nan su suka riƙe aikin lokacin da raƙuman suka rage 49 a 1996, suna bin gona gona suna ba manoma haƙuri in dabba ta cinye musu wake. Yau an haura 600. Wanda ya yi wannan ba a tuɓe shi a gaban yaran da ya raina.

Batun lissafi kuwa ba sai ka zama sakatare ba. Duba dokokin ƙungiyarku, da wuya a ce babu mai binciken kuɗi a ciki. Ku nemi a zaɓe shi a wannan taron, a kuma sa ranar karanta lissafi. Wannan ba cin fuskar kowa ba ne.

Ɗan Gandu, Yamai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, jiya na je kamar yadda kuka ce. Ban gama magana ba ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi da leda cike da rasit, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi yanzu, kunya ta hana shi faɗa a taro. Ya ce in tafi Garwa, in na ƙi ba shi ba ni. Kujerar ma ya ce ya gaji da ita, sai dai bai ga wanda ya zo ya tambaye shi ba.

Ɗiyar Tabalak, akwai wata ƴar uwa da muka yi Kollo tare, ita ke haɗa mana alƙaluman ƙirga a kwamfuta. Da safe na kira ta, ta ce sai ta ga littafin tukuna. Asabar za mu je gidan dattijon mu uku mu baje rasit ɗin a tabarma.

Ɗiyar Tabalak:
Ku tafi da fensir, ba biro ba. Ku jera su wata wata kafin ku fara tarawa, kuma duk wanda ya goge ku ajiye shi gefe, kada ku yar.