Allurar Penta ta hana mu barci, kuma wai in koma

Maman 'Yan Biyu: Jama'a wallahi raina a ɓace yake, jiya na kai Hassan allurar sati shida suka tsira masa rigakafin Penta a cinya, tun magariba jiki zafi rau ga cinyar ta kumbura kwana muka yi a zaune, Hajiya uwar mijina tace ni na jawo da son abin kyauta. Wai sai na koma sati goma da sati sha huɗu. In koma ko in bari?

Ɗan Dala: Hajiya tayi gaskiya, kyauta fa! Ƙasar da maganin zazzaɓin cizon sauro sai ka saya, allura ce kawai kyauta? Kun manta Trovan a Kano 1996, yara sha ɗaya suka mutu.

Anti Nas: Malam Trovan magani ne da aka gwada a kan yaran da sanƙarau ya riga ya kama, ba rigakafi bane. Penta tun 2012 ake yinta a Najeriya, cuta biyar take karewa, mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta da Hib mai kawo sanƙarau da ciwon huhu, kuma babu ƙwayar cuta mai rai a ciki. Kyautar ma ai gwamnati da Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa rigakafi, ne suka biya.

Baban Ummi: Wace kyauta Anti? Ni sai da aka karɓi kuɗin kati a hannuna, ga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa.

Anti Nas: Wanda ya karɓa cuta yayi maka, amma kar a haɗa mu duka.

Baban Ummi: Dama ai ba kwa laifi ku ma'aikatan asibiti, kullum tsawa kuke wa matanmu a layi.

Gimbiya: Matanku? Sau nawa ka taɓa raka ta? Ku maza kuna majalisa mu ke kwana da yaro.

Ɗan Dala: To an fara, ni dai tambayata ɗaya, me yasa kyauta?

Gimbiya: Yaya ka je ka tambayi waɗanda mashaƙo ya ɗauke wa yara a 2023, Kano ce tafi kowace jiha kamuwa. Ɗan maƙociyarmu maƙogwaro ya toshe ko ruwa baya wucewa, Allah ya jiƙan sa, ko allura ɗaya ba a yi masa ba.

Baban Ummi: Allah ya jiƙan sa, amma kwana ne ya ƙare.

Gimbiya: Kai ma idan ciwo ya kama ka ai asibiti kake gudu.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta kusan kowa ya yarda da Anti, mutum biyu ne kawai masu son gardama. Maman 'Yan Biyu zafin kwana ɗaya zuwa biyu ne, ki cigaba da bashi nono ki ɗora tsumma mai sanyi a cinyar, in ya wuce haka ko ya fara jijjiga ki maida shi asibiti da gaggawa. Sati goma ki koma da katin.

Maman 'Yan Biyu: To na gode, saura Hussaini, ranar Litinin ne nasa, yanzu wa zai shawo min kan Hajiya?