Musayar waƙa: Mi an nuhin balaga?

Ɗan Kabi: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya a bakin kogin Matan Fada a Argungu na ji wani tsoho ya ce ma jikanai, "Ka balaga amma ba ka girma ba." Yaro yat tashi da hushi. Shi na ɗauko muku. Ƙwar huɗu, kowa ya ruhe da balaga.

Bismilla na ɗauko alƙalamina,
Kalma guda ta tsaya mini a raina,
Ku malamai ku warware zancena,
Mi an nuhin a ce yaro ya balaga?

Aro munka yo wurin Larabawa,
Asalinta can isa ce da kaiwa,
Mu nan muna da tasawa da riƙawa,
Don mi munka hi son mu ce balaga?

Bazamfariya:
Ɗan Kabi, tambayarka ta 'yan allo,
Ana biya karatu kana ta kallo,
Kai dai ka san homa da goran iyo,
Zauna in ƙirga ma alamun balaga.

Mafarki ga namiji, haila ga mata,
Ko juna biyu ya bayyana gare ta,
In babu ko ɗai, shekaru ka yanke ta,
Sha takwas Malikiyya kan ce an balaga.

Malam na Gwandu: Ta faɗi daidai. 18 ita ce mashhuriya a mazhabarmu, Shafi'iyya 15 suke ƙirgawa. Daga nan alƙalami ya hau kan mutum, ya zama mukallafi. Sai dai tsohon nan na Argungu bai yi kuskure ba. Ku duba Suratun Nisa'i aya ta 6: maraya ko ya isa aure ba a miƙa masa dukiyarsa sai an ga rushdi tare da shi, wato shiriya wajen riƙon abin hannu.

Jiki yakan riga hankali isowa,
Gemu ya tsiro, wauta ba ta gushewa,
Maraya ma sai an ga alamar iyawa,
Ba a ba shi gado don kawai ya balaga.

Na Zuru:
Ku kuna ƙirga shekaru bisa takarda,
Mu can a Zuru sai an gani a yarda,
Damina bakwai ta golmo, kunya kana tada,
Gonar surukai ita ke shaidar balaga.

Ɗan Kabi: Malam na gode. Na Zuru, jira ni, ina da bashi tukuna.

Ƙanwata, sassauta, ki san da manya,
A 1991 Kebbi tak kama hanya,
Sai 1996 kunka biyo mu baya,
Wa za ya koya ma yayanai balaga?

Bazamfariya:
Shekara biyar kacal ka ka yi wa homa?
A ruwa da homa, a tudu ma da homa,
Rago ya riƙa, yai ƙaho, bai iya noma,
Riƙa daban, yayana, daban balaga.

Ɗiyar Mafara: Wayyo, a kawo mai ruwa! Homar kihi da homar baki a ɗango guda. Zamfara ba wasa.

Na Jega: Ku Zamfarawa ko tari ta yi sai ku ce baiti na. Rago ai ba a san shi da noma ba tun asali, ina hikimar?

Ɗiyar Mafara: Hikimar ita ce kowane abu da kalmarshi. Dabba ta riƙa, mangwaro ya nuna, gero ya ƙosa, yaro ya tasa. Kuma ku maza ku ka yawo da kalmar nan a baki. Innata ba ta taɓa cewa "ta balaga" gaban mutane ba, sai dai "ta girma" ko "ta isa ɗaki". Kunya.

Mai Aruli: Ku dakata. Ɗan Kabi, karanta 1991 da ƙarfi cikin ɗangonka na biyu ka ji. Dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da ɗaya, kafin ka iso "hanya" numfashi ya ƙare. Na biyu, wace balagar kake nufi a ɗangon ƙarshe? Guda biyu ne. Ta jiki, "la" ɗinta gajere ne, kuma ba a koya wa kowa ita, zuwa take yi. Wadda ake koyarwa ita ce mai dogon "laa", ilimin ma'ani da bayani da badi'i. Boko ne ya haɗe su, a ajami alif yana raba su.

Ɗan Kabi: To ai da gangan na yi, harshen damo na.

Mai Aruli: Da gangan bayan an nuna maka.

Ka ja gaɓa inda ba a ja ta,
Ka datse wadda ya kamata a sake ta,
Waƙarka na ɗingishi, zo ka ɗaura ta,
Ba ta jiki, ba ta harshe, ina balaga?

Na Jega: Kai ma ɗangonka na biyu ya hi na farko da gaɓa huɗu. Mai gyaran karaya da gurguwar ƙahwa.

Mai Aruli: Uku ne, ƙirga da kyau.

Na Jega: To ka amsa da bakinka.

Na Zuru: Ni har yanzu ba wanda ya tanka mini golmo.

Malam na Gwandu: Jama'a a koma kan magana.

Ɗan Ƙaura: Ku yi haƙuri, kwana biyu ba sabis wajenmu, yanzu na ga abin. Ni tawa matsalar daban. Gwamnati ta ce 18 ka yi zaɓe, tun 2018 kuma ɗan 25 na iya neman majalisar wakilai. Ni na wuce duka biyun.

Katin zaɓe na nan cikin aljihuna,
Azumi da salla duk suna wuyana,
Amma a gida "yaron ga" dai as sunana,
Baba ya ce sai na yi mata zan balaga.

Bazamfariya:
Ɗan Ƙaura, Baba bai yi ƙarya ba,
Tuwon innarka ba ka daina ci ba,
Ko buhun gero ba ka taɓa kai mata ba...

na huɗun ya ƙi zuwa, Ɗan Kabi cika mini.

Ɗan Kabi: Yanzu kin san da yaya? Sai Mai Aruli ya auna miki.

Mai Aruli: Na ukun ma ya yi tsawo.