Yarinya na taku da ƙafar da ba ita ba, in gyara yanzu ko in bari?

Kocin Tudun Wada: Salamu alaikum. Akwai yarinya 'yar shekara 14 a ƙungiyarmu ta ƙwallon raga. Da hannun dama take dukan ƙwallo, amma in za ta tashi sama sai ta taka dama, hagu, dama, maimakon hagu, dama, hagu. Kafaɗarta sai ta rufe, dukan ba ya fita da ƙarfi. Kuma duk ta fi sauran yaran tsalle, ragar mata ta mita 2.24 ba komai ba ce a wajenta. Gasa saura sati uku. In gyara yanzu, ko sai an gama?

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam. A sa su tsallen igiya kullum da safe.

Kocin Tudun Wada: Malam, taku na ce, ba ƙarfin ƙafa ba.

Tsohon Ɗan Wasa: Kar ka taɓa ta! Ni aka yi wa haka. Ana dab da zaɓen 'yan wasa wani koci ya ce lallai sai na sauya. Ya zana min sawu da alli a kan siminti, ina takawa yana ƙirga. Ranar zaɓe na taso hankalina duk yana kan ƙafa, ƙwallo ta wuce ni, na sauko da ƙafa ɗaya, gwiwa ta ce ƙas. Har yau da hunturu ya kama sai na ɗaure ta da bandeji. Mutumin nan ko dubiya bai zo ba.

Malamar Barnawa: Allah ya ƙara sauƙi, Yaya. Amma gaggawa ce ta cuce ka. Koci, bari a gama gasa. Sannan ka ajiye ƙwallo, ta riƙa yin taku biyun ƙarshe kawai: dama mai tsawo a kan diddige, hagu ta biyo da sauri, hannaye su je baya su dawo sama, ta sauka da ƙafa biyu.

Tsohon Ɗan Wasa: Hajiya, kin taɓa buga gasa kuwa?

Malamar Barnawa: Na buga. Gwiwata kuma lafiya lau.

Ɗan Kawo: Ai duk takalmi ne. Na samo wa nawa gwanjo a Kasuwar Barci, 12,000.

Na Rigasa: Wace shekarar? Jiya 25,000 aka ce min, ba ragi.

Ɗan Kawo: Ka je da babbar riga da makullin mota a hannu, me kake tsammani?

Na Rigasa: Ku da kuke da fili ma kenan. Ranar Asabar muka je namu, muka tarar an kafa rumfunan biki, an ɗaure igiyar rumfa a jikin sandar raga. Yara suka juya gida.

Kocin Tudun Wada: Jama'a, maganar yarinyar fa?

Na Rigasa: Sandar ma ta lanƙwashe. Wa za mu kai wa ƙara, mai filin ko uban amarya?